Igiyar Shanya a Karkace

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan labari. Abu ne da ba zan manta ba har in koma ga Allah, amma akwai maganar soja a cikinsa, ni kuwa baƙo ne a ƙasar mutane, takarduna ma sabunta su ake yi a ofishin baƙi na Bobigny. Sai da na tambayi wani ɗan garinmu da ya karanta shari'a ko laifi ne mutum ya rubuta abin da ya gani a hoton da kowa ke iya buɗewa a wayarsa. Ya ce ba laifi ba ne. Da aka kwana biyu na sake tambayarsa, ya ce in na ƙara zai daina ɗaukar wayata. Shi ya sa na rubuta, amma ba zan kama sunan kowa ba.

Ni mai guga ne. A wani shagon wanki nake aiki cikin Paris, ina kwana a fwaye, wato gidan ma'aikata, a Montreuil. Bokona bai wuce firamare ba. Ina da wani hali da ni kaina yake gajiyar da ni: sai in kai bakin metiro, jirgin ƙasa na cikin gari, in juyo don in tabbatar na cire dutsen guga daga wuta, alhali na san na cire. In aka tambaye ni ko ana ruwa a waje, sai in ce lokacin da na shigo dai ana yi, yanzu kuwa ban sani ba. Mutanen fwaye Sai-na-duba suke ce mini, kuma ba yabo ba ne.

A unguwar Barbès na haɗu da tsohon da wannan labari yake kansa, ranar kasuwa, ƙarƙashin gadar metiro. Ina magana a waya da Hausa, sai na ji an kama hannun rigata. Wani dattijo ne siriri, da hula fara da kwat mai kauri. Ya jira na gama, muka gaisa gaisuwa mai tsawo irin wadda aka daina yi a nan, sannan ya ɗaga hannun rigar ya duba karin ya ce, "Kai mai guga ne. Amma kana tsoron dutse, ba ka danna shi." Hausarsa wata iri ce, tsohuwa, da Larabci a ciki. Na tambaye shi mutumin ina ne, ya ce Jibuti. Na ɗauka wasa yake, na ce ina nufin asali. Ya ce asali Damagaram, amma bai taɓa ganinta ba.

A Lyon yake zaune wurin ƴarsa. Yakan zo Paris jefi-jefi ya kwana biyu a fwaye, a ɗakin wani ɗan Cadi, don kawai kunnensa ya ji Hausa. Baba muke ce masa duka. Labarinsa a gutsure na same shi, yau kaɗan gobe kaɗan, yawanci muna zaune a kicin na ƙasa ana jiran shayi.

Iyayensa da ƙafa suka bar gida za su aikin hajji. Yawancin mutanenmu ta Sudan suke haurawa, amma ayarinsu ya gangara har Jibuti, suna jiran jirgin ruwa. A wajen jiran zazzaɓi ya kama wasunsu, har da uban. Aka binne su a wani fili bayan gari. Uwar ta zauna, ta goya ɗanta da wankau, ba ta ƙetare ba, ba ta koma ba. Da ta rasu aka kai ta kusa da mijinta.

Wanda bai san Jibuti ba, ƙasa ce ƴar ƙarama a bakin wani matsattsen teku inda jiragen duniya ke wucewa. Saboda wannan mashiga kowa yana son ya ajiye sojansa a can. Faransawa tun da can suna nan, daga baya Amurkawa suka zo, da Japanawa, da mutanen Italiya, da na Sin. Baba yakan ce ƙasarsu kamar ƴar tabarmar ƙofar masallaci take, kowa zai shiga sai ya taka ta. Ba ya faɗar haka da fushi. In samarin fwaye suka ɗauki musu a kan sojojin waje, wannan ya ce a kore su, wancan ya ce su ke ba mutane aiki, shi sai ya yi ta kurɓar shayinsa. Ya ce ya wanke kayan soja har bayansa ya lanƙwashe, abin da ya sani game da su shi ne duk zufarsu ɗaya ce.

Yana saurayi aka ƙara faɗin wani sansanin soja, waya ta zagaye filin nan da aka binne iyayensa. Ba zan faɗi sansanin wace ƙasa ba ne. Shi da kansa ya ce ba ya jin waɗanda suka kafa wayar sun san akwai mutane a wurin. Kaburburan ƴan tudu ne kawai da baƙaƙen duwatsu a kai, ƙasar kuwa duk baƙin dutse ce. Sai ya nemi aikin wanki a cikin sansanin, ya samu katin shiga. Da ya shiga ya tarar manyan motoci sun fara juyawa kusa da wurin. Ya ji tsoron in ya yi magana, ko a tone su a kai wani wuri, ko a karɓe katinsa. Sai ya je wurin sojan da ke kula da wanki ya ce masa inda ake shanya ba iska, ya ga wani fili can baya da ya fi. Aka ba shi. Ya kafa turakun ƙarfe, ya ɗaura igiyoyi daga wannan gefe zuwa wancan, kaburburan suna tsakiya. Daga ranar ba motar da ta sake bi ta nan, don ba direban da ke son ya ja zanen gadon babbansa a ƙasa.

Da na ji haka sai halina ya motsa. Na ce, Baba, anya ya halatta a shanya kayan soja a kan kabari? Ɗan Cadin nan ya ce, "Ga shi nan, ya fara." Baba kuwa bai yi dariya ba. Ya ce shi ma ya daɗe yana wannan tunani. Saitin kaburburan zanen gado da tawul farare kawai yake shanyawa, wanduna da safa can ƙarshen igiya.

"Ubana bai taɓa wuni ƙarƙashin wandon soja ba," in ji shi.

Ya ce ruwan da ke ɗiga daga zannuwan shi ne kaɗai ruwan da wurin ke samu, har wata ƴar ciyawa takan fito. Ranar Juma'a yakan tsaya tsakanin zannuwa, inda ba mai ganinsa, ya yi musu addu'a da makaman shanya a bakinsa.

Haka ya yi har ya tsufa. Sannan aka kawo injin busar da kaya, aka ba wani kamfani wankin, aka karɓi katinsa. Kafin ya fita ya roƙi siminti a wurin magina ya zuba a gindin turakun. Daga baya matarsa ta rasu, ƴarsa ta ɗauko shi zuwa Lyon.

Shekaru suka tafi, Baba ya daina zuwa Paris. Muka ji ciwon suga ya cinye masa ido. Wasu daga fwaye sukan je duba shi, ni ban je ba, don kullum ina lissafin in na tafi wa zai riƙe mini aiki. Wata rana da hantsi ina kan guga sai ƴarsa ta kira ni. Mace ce babba, direbar tiram ce, jirgin nan mai bin titi, a Lyon, uwarta Basomaliya, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Da Faransanci ta yi mini magana. Ta ce jikin babanta ya yi nauyi, kuma ya ce a kira masa mai gugan nan da ba ya tabbatar da komai. Ta ce ta yi ta tambaya, kowa ya ce ai ni ne.

Na tafi ranar Lahadi. Na isa tashar jirgin ƙasa tun kafin a rubuta layin da jirgin zai tsaya, na tambayi ma'aikata daban-daban ko wannan ne na Lyon, duk da an rubuta a jikinsa. Ta tarye ni ta kai ni gidansu, wani bene a gefen gari. Kafin in shiga wurinsa ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

Ta ce tun da idonsa ya tafi ba shi da magana sai ta turakun nan, ko suna nan ko an yi gini a kai. Ta rubuta wa waɗanda ta san za a rubuta wa, ba amsa. Danginta na can ba mai katin shiga. Abin da ya rage shi ne hoton nan da ake ɗauka daga sama, wanda ke cikin taswirar waya. Ta duba har ta gaji, ba ta ga komai ba sai rufin kwano da kwalta. Duk ɗan Hausan da ya zo dubiya sai Baba ya sa a buɗe masa hoton ya faɗa masa abin da ya gani, kuma kowa yana ce masa wurin yana nan lafiya lau. Amma bai daina tambaya ba.

"Tonton, don Allah ka ce masa yana nan," in ji ta, tonton kuwa kawu ke nan da Faransanci. "Kai zai yarda da kai. Ina so ya tafi da hankali kwance."

Na ce mata ban iya faɗin abin da ban gani ba. Ta ce ba ta roƙe ni in yi rantsuwa ba, kalma ɗaya ce. Na ce kalmar ce ba ta fita. Ta dube ni kamar yadda mai shagonmu ke dubana in na sake buɗe kayan da na riga na naɗe. Gaskiyarta na gani sarai. Mutum yana kwance yana jiran ajali, an roƙe ka abu ƙarami, ka tsaya kana auna halal da haram. Ban ga kaina mai kirki ba a kicin ɗin nan, kuma har yau ban ce na fi waɗanda suka ce masa yana nan ba. Tausayi ne ya sa su.

Akwai kuma wani abu da na ji kunyar faɗa mata. Tsoro nake in buɗe hoton sansanin soja a waya. Na ce a raina yanzu wani yana zaune a wani ofis yana ganin wanda ya buɗe, ranar da na je Bobigny a ce mini, malam, me ka je nema a can? Na kashe wayata gaba ɗaya na tura ta cikin aljihun kwat, na ce sai dai a tata.

Baba yana kishingiɗe kusa da taga, hasken azahar a fuskarsa, ya rame ƙwarai. Ya laluba ya kama hannun rigata ya shafa karin, ya ce har yanzu ba na danna dutse. Muka gaisa, ya tambayi mutanen fwaye ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce wa ƴarsa ta buɗe. Ta kawo babbar waya irin mai faɗin nan ta ɗora mini a cinya, ta ja hoton da yatsa har ta kawo inda suke zato, bisa kwatancen da ya sha yi mata: teku a nan, hanyar jiragen sama a nan, tankin ruwa a can. Ta tsaya bayana, hannunta a kafaɗata, tana ɗan dannawa.

"To, Sai-na-duba," in ji Baba, "duba."

Na duba. Ban taɓa ganin ƙasa daga sama haka ba. Na ce masa ina ganin dogayen rufi farare a jere, da motoci kamar ƙwayar wake, da kwalta baƙa. Ya ce sai me. Na ce akwai wani abu zagayayye, wataƙila tankin ne, wataƙila kuma ba shi ba ne. Ya ce bayansa fa. Na ce bayansa rufi ne, sai wani rufin. Hannun ƴarsa ya ƙara nauyi a kafaɗata.

"Akwai itace?"

"Ban ga itace ba, Baba."

"Katanga fa, da ƴar ƙofa?"

"Ban gani ba."

Na ji ƴarsa ta saki numfashi ta ɗauke hannunta. Ni kuma na ci gaba da dubawa, ba don ina sa ran komai ba, sai don ban iya barin abu da duba ɗaya. Na bi gefen rufin nan a hankali kamar yadda nake bin ɗinkin riga in ga ko akwai tabo. Tsakanin rufi na ƙarshe da waya sai na ga wani ɗan fili. Launinsa ba na kwalta ba ne, ba na siminti ba. Na ce masa akwai wani ɗan wuri, amma ban san ko mene ne ba, kamar faci ne da tela ya ɗinka a karkace. Komai na wurin a miƙe yake, gini da hanya da layin motoci, shi kaɗai ne ya kauce.

Baba ya ɗago kansa daga matashi. Ya ce ya kauce ta ina. Na rasa yadda zan kwatanta wa marar gani. Sai na kama tafin hannunsa na ja masa layi da yatsa, na ce ga yadda gine-ginen suke, na sake jan wani na ce ga yadda shi yake. Ya ce in sake. Na sake.

Sai ya yi dariya, ƴar ƙarama, har tari ya biyo. Da ya lafa ya faɗi abin da bai taɓa faɗa mana a fwaye ba. Ya ce da zai kafa turakun bai bi layin gine-ginen soja ba, kwanciyar mamatan ya bi, su kuwa alƙibla aka duba aka kwantar da su. Shi ya sa igiyoyinsa suka fito a karkace. Sojan wankin ya sha yi masa faɗa, ya ce wannan shanya tana ɓata masa tsarin wuri, shi kuma ya ce iskar ce ta nan take bi. Kowane sabon soja aka kawo sai an yi wannan rigima, har suka saba.

Ƴarsa ta sunkuyo tana kallon wurin, ta ce ta sha wucewa ta kansa ba ta kula ba. Ta ce, "To shi ne ke nan, Papa. Shi ne." Baba ya juyo wajena.

"Shi ne?"

Na ce, Baba, ban sani ba. Na ce ban ga turaku ba, hoton bai kai nan ba, in aka matso sai ya dushe. Yana iya zama magudanar ruwa, ko inda aka tara yashi. Ban san shekarar da aka ɗauki hoton ba. Ban ma tabbata wannan ne sansanin ba, tunda an ce wurin ya canja, wasu sun tashi wasu sun zo. Na jero masa duk wannan, ina jin kaina ina ɓata abin da ya gyaru, amma na kasa tsayawa.

"Ka ce ba ka sani ba."

"Ban sani ba."

"Madalla," in ji shi. "Waɗancan duk sun sani."

Ya ce wani ya faɗa masa ya ga katanga fara an zagaye wurin. Wani ya ce ya ga itacen darbejiya mai inuwa a tsakiya. Ɗan Cadin nan ma ya ce har da tulun ruwa a bakin ƙofa. Kowa maƙabartar garinsu ya kwatanta masa. Shi kuwa ya san wurin nan ko ƙaya ba ta yin tsawo. Tun da ya ji maganar darbejiya ya yanke cewa an yi gini a kai, ana ɓoye masa ne. Yanzu ne kawai ya ji abin da zai iya yiwuwa.

Bai sake cewa a buɗe hoton ba. Ya ce wa ƴarsa ta kawo mini abinci, ya tambaye ni ko har yanzu muna sa sitaci a kwalar riga. Da la'asar na yi musu sallama. A bakin ƙofa ƴar ta ce mini ba ta san ko ta gode mini ko ta yi fushi da ni ba. Na ce ni ma ban sani ba, ta ce ai ta lura. Sai da jirgi ya yi nisa da Lyon na kunna wayata.

Baba ya rasu kafin sanyin shekarar ya fita. A Lyon aka binne shi, a ɓangaren Musulmi. Ƴarsa ta ce daga ranar nan bai ƙara tambayar turakun ba, sai dai wani lokaci takan ga yana jan layi da yatsa a tafin hannunsa. Na je Bobigny bayan haka, aka sabunta mini takardu, ba wanda ya tambaye ni komai.

Abin da na koya bai da yawa. Da ina ɗaukar halina ciwo ne kawai, kuma har yanzu ciwo ne, don jiya ma na juyo daga metiro. Amma na gane cewa "ban sani ba" ita ma aba ce da ake iya ba mutum, wani lokaci ta fi "yana nan" amfani, don ita ce yake iya riƙewa ba tare da ya yi zargin ana lallashinsa ba. Kuma duk sanda na ji ana musun sansanonin sojan waje, wa ya ci riba wa ya yi asara, nakan tuna cewa a bayan kowace waya akwai abin da yake wurin tun kafin a kafa ta.

Saura roƙona. Na san rubutu yana zuwa inda mai shi bai zata ba. In akwai mai karanta wannan da ke aiki a ɗaya daga sansanonin nan na Jibuti, ko yana da ɗan'uwa mai wanki ko shara ko dafa abinci ko tuƙa motar ruwa a ciki, ina roƙo ya duba mini. Kada ya ɗauki hoto, kada ya shiga inda ba a ba shi izini ba, kada ya jawo wa kansa abin da zai raba shi da aikinsa. In dai hanyarsa ta bi ta bayan tankin ruwa, kusa da waya, ya ga ko akwai tsofaffin turakun ƙarfe da siminti a gindinsu, a karkace, da baƙaƙen duwatsu a tsakani. Ya faɗa wa wanda ya ba shi wannan rubutu, maganar za ta iso Montreuil, ni kuma in kai wa ƴarsa. In suna nan, a ce suna nan. In an yi gini, a ce an yi gini. In kuma ba a sani ba, don Allah a ce ba a sani ba. Kada a ƙara mini darbejiya.